Oga ya ce in cire mutum shida daga bincikenmu, zuciyata ta kasa natsuwa

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya iyali. Dan Allah ki ɓoye sunana da garin da nake. Ni 'yar Arewa ce, shekarata 27, na yi digirina na farko a gida, Allah ya taimake ni na samu tallafi na zo Ingila na yi mastas, da na gama sai na samu aikin mataimakiyar bincike na shekara ɗaya a wani lab da ke nazarin ƙwaƙwalwa, yadda mutum ke tuna abu da yadda hakan ke canzawa in ya manyanta. Ni ce nake nemo masu sa kai, in cike musu fom, mu shigar da su na'urar MRI mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ni da ma'aikacin hoto, in kunna musu gwajin, bayan nan in zauna a kwamfuta ina tsaftace bayanan. Mutum 40 muka ɗauka, rabi matasa rabi dattawa. Farfesa mai lab ɗin mace ce mai kirki amma kullum tana hanya, wanda nake ƙarƙashinsa kai tsaye wani Dakta ne da bai daɗe da gama digirin digirgir ba. Da muka yi lissafi, bambancin da ake sa rai tsakanin matasa da dattawa bai fito ba. Bayan kwana biyu sai ya zo teburina da lambobin mutum shida a 'yar takarda ya ce in cire su, wai sun yi motsi da yawa a cikin na'ura. Na cire na sake lissafi, sai ga sakamako ya fito raɗau. Amma da na koma na duba, biyu ne kawai cikinsu suka yi motsi sosai, sauran huɗun akwai waɗanda muka bari a ciki da suka fi su motsi. Na yi masa magana sau ɗaya ya ce in yarda da shi, ya fi ni daɗewa a harkar. Kuma ya ce sunana a wajen godiya kawai zai fito, ba cikin marubuta ba. Kwantiragina saura wata biyar, ina buƙatar wasiƙar Farfesa don neman digiri na uku, kuma da albashin nan nake biya wa ƙannena kuɗin makaranta. Na faɗa wa Abba ya ce bin na gaba bin Allah ne, in yi abin da aka sa ni tunda ba ni ce mai binciken ba. Wallahi Anti bana iya barci. In yi shiru, in kai ƙara, ko in ajiye aikin?

Ƙanwarki a Ingila

Wa alaikumus salam wa rahmatullah ƙanwata, sannu da ƙoƙari, sannu da zaman baƙunta. Na karanta saƙonki na ji nauyin da ke kanki, ke kaɗai a ƙasar mutane, ga aiki ga ƙanne suna jiran kuɗin makaranta ga kuma abu yana cin ki a rai babu wanda zaki faɗa wa ya gane me kike nufi. Abu na farko da nake so ki sa a ranki, rashin barcin nan ba wai kin cika tsoro ko kin cika zargi ba ne. An miƙo miki lambobi an ce cire, da yawa cirewa zasu yi su kashe kwamfuta su tafi gida, ke kuwa kika koma kika duba ko dalilin da aka ba ki ya yi daidai da abin da ke rubuce. Aikin da aka ɗauke ki ki yi kenan. Sai dai hanyoyi ukun da kika lissafo, shiru ko ƙara ko ajiye aiki, ni a ganina babu wadda lokacinta ya yi. Akwai matakai da yawa tsakanin yin shiru da kai ƙara, kuma tunda ba a buga komai ba tukuna, ƙofar gyara a buɗe take.

Bari mu fara yi wa Dakta adalci, don in ba ta nan kika fara ba zaki shiga ofishinsa da fuskar mai tuhuma shi kuma ya toshe kunne. Cire mutum saboda motsi ba zamba ba ne, kowane lab yana yi. Ke kin sani, amma saboda masu karatu bari in ɗan buɗe maganar. Na'urar fMRI, wato MRI ɗin da ke bin aikin ƙwaƙwalwa, ba tunani take gani ba, jini take bi. In wani sashe na ƙwaƙwalwa ya kama aiki sai jini mai ɗauke da oksijin ya ƙaru a wurin, ya kai ƙololuwa bayan kamar daƙiƙa 4 zuwa 6, shi kuma jinin da ya riga ya sauke oksijin ɗinsa yadda yake amsa maganaɗisu daban ne da wanda bai sauke ba, wannan ɗan bambancin ne Seiji Ogawa ya nuna a 1990 cewa ana iya kama shi a hoto. Kuma ɗan mitsitsi ne, sau da yawa kashi 1 ko 2 cikin 100 na siginar, wani lokacin bai ma kai ba. Ana yanka hoton ƙwaƙwalwar gida-gida, kowane gida milimita 2 ko 3, toh kinga in mutum ya yi tari ko ya haɗiye yawu da ƙarfi ko ya gyara kwanciya kansa ya gusa da rabin milimita, canjin da hakan zai jawo yana iya fin wanda ake nema. A 2012 Jonathan Power da abokan aikinsa a Jami'ar Washington da ke St. Louis suka nuna cewa motsin da bai kai milimita ɗaya ba yana sa a ga kamar sassan da ke maƙwabtaka sun fi haɗa kai, na nesa da juna kuma sun rage, alhali motsin ne kawai ya jawo. Sannan sananne ne yara da dattawa sun fi matasa motsi a cikin na'ura, naku binciken kuwa dattawa da matasa yake kwatantawa, don haka a wurinku maganar motsi babbar magana ce.

Bayan motsi ma akwai dalilai na gaskiya da ake cire mutum. Wani barci yake yi a tsakiyar gwaji, wani bai fahimci abin da aka ce ya yi ba yana ta danna maɓalli barkatai, wani ƙarfen haƙori ya ɓata hoton gaban kansa, wani kuma an hango wani abu a ƙwaƙwalwarsa da sai an tura wa likita. Yana yiwuwa Dakta ya ga irin waɗannan a mutum huɗun nan ya haɗa su duka ya kira su motsi saboda gaggawa. Ban ce haka ne ba, amma baki da tabbacin ba haka ba ne, kuma Allah ya ce mu nisanci yawan zato domin wani sashen zato zunubi ne.

Toh amma ga inda gizo ke saƙar, kuma a nan ina tare da ke ɗari bisa ɗari. Tambayar ba ita ce ko ya halatta a cire mutum ba, tambayar ita ce yaushe aka kafa ƙa'idar cirewa, kuma kowa da kowa aka auna da ita ko wasu aka zaɓa. In kin je kasuwa aka auna miki hatsi, ba girman mudun ne zai dame ki ba, abin da zai dame ki shi ne in mai hatsin yana da mudu biyu, ya saya da babba ya sayar da ƙarami. Wani lab yana sa iyakar motsi a milimita 0.5, wani a 0.2, duk ana yi kuma kowa yana da hujjarsa, amma mudun da aka ɗauka dole shi za a auna mutum 40 ɗin da shi, kuma a ɗauke shi kafin a leƙa sakamako. Abin da kika kwatanta min ya saɓa wa duka biyun, an ga sakamako bai fito ba sannan takardar lambobi ta zo, kuma akwai waɗanda suka fi motsi an bar su. A 2011 Joseph Simmons da Leif Nelson da Uri Simonsohn suka nuna da lissafi cewa in mai bincike ya ba kansa 'yancin wasu 'yan zaɓuɓɓuka huɗu, irin su ƙara mutane bayan ya leƙa sakamako ko jefar da wani ɓangare na gwajin, yiwuwar ya samu sakamakon bogi tana tashi daga kashi 5 zuwa sama da 60 cikin 100, ba tare da ya ƙirƙiri lamba ko ɗaya ba. A fagenku ma an gwada, a 2020 mujallar Nature ta buga aikin da aka ba tawagogi 70 hotunan fMRI iri ɗaya, babu tawaga biyu da suka bi hanya ɗaya sak kuma amsoshinsu sun sha bamban. A bincike mai mutum 20 a kowane ɓangare, mutum shida ba wasa ba ne, sun isa su juya komai.

Kuma ina so ki tuna su waye lambobin nan. Ke kika tarbe su, ke kika tsaya dattijuwa ta cire 'yan kunne da fil ɗin gashi da agogo, kika bi ta da tambayoyi ko akwai ƙarfe a jikinta ko na'urar bugun zuciya, saboda maganaɗisun na'urar mai ƙarfin Tesla 3 ya ninka na duniya kusan sau 60,000 kuma ba a kashe shi dare da rana. Kuka toshe mata kunne saboda ƙarar, kuka cusa soso a gefen kanta, kuka sa mata ƙwallon roba a hannu cewa in ta ji tsoro ta matsa, ta kwanta cikin ramin nan kusan awa guda tana ƙoƙarin kada ta motsa duk da bayanta yana ciwo, ke kina mata magana ta lasifika kina cewa saura kaɗan. Ba don 'yan kuɗin motar da kuka ba ta ta yi ba, ta yi ne don ta yarda za a yi amfani da abin da aka ɗauka a gano gaskiya. In an cire ta da dalili babu komai, in kuwa an cire ta ne don ƙwaƙwalwarta ba ta ba da amsar da ake so ba, an ci amanarta.

Shi ma Dakta ki dubi halin da yake ciki, ba don ki wanke shi ba sai don ki san yadda zaki tunkare shi. Mai irin matsayinsa shi ma ɗan kwantiragi ne kamar ke, shekara biyu ko uku, in babu maƙala babu aiki na gaba, ga awa ɗaya a na'urar tana cin fam ɗaruruwa, an kashe kuɗin tallafi an ɗauki mutum 40 kuma shi ne zai tsaya gaban Farfesa ya ce babu abin da ya fito. Mutane da yawa a wannan matsin ba sa jin cewa ha'inci suke yi, gani suke sun san amsar gaskiya, bayanan ne kawai suka yi datti. Irin wannan in kika ce masa maƙaryaci kin rasa shi, in kuwa kika kawo masa hanyar da zai fita da mutuncinsa, sau da yawa yana bi. Sannan ki tambayi kanki yadda kika yi masa maganar farko. Mu an tarbiyyantar da mu kada mu ɗaga ido mu kalli babba, mu kewaya magana mu yi ta da murya ƙasa-ƙasa, shi kuwa yana iya ɗauka tambayar ɗan koyo ce kawai kika yi ba ƙorafi ba. A can, ƙaramin ma'aikaci ya ce a nuna masa hujja ba rashin kunya ba ne, ana ma sa ran hakan.

Yanzu ga abin da nake so ki yi a satin nan. Ki nemo takardun da aka rubuta kafin a fara ɗaukar mutane, wato wadda aka kai wa kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, da ta neman tallafi in zaki iya gani, da rajistar binciken in an yi ta a wuri irin OSF, shafin da masu bincike ke ajiye tsarin aikinsu kafin su fara, sannan maƙalolin da lab ɗin ya buga a baya. Ki duba me aka ce game da cire mutane, sau da yawa ƙa'idar tana nan a rubuce an manta da ita. Daga nan ki yi jadawali ɗaya mai layi 40, kowane mutum da lambarsa, da matsakaicin motsinsa, da motsinsa mafi girma, da yawan hotunan da suka haura iyaka, da makin da ya ci a gwajin, da duk abin da aka rubuta a littafin ɗakin na'ura ranar da ya zo. In manhajar fMRIPrep kuke amfani da ita wajen tace hotuna ta riga ta fitar miki da lambobin motsin, in manhajar FSL ce ko SPM ma suna nan. Ki jera su daga mafi motsi zuwa mafi natsuwa, ki sa wa shidan nan launi. Kada ki sa sakamakon kowa a jadawalin, wa ya taimaki hasashe wa ya ɓata shi, bar wannan a gefe. Kuma kada ki goge lissafin farko na mutum 40, ki bar shi a ma'ajiyar jami'a da kwanan wata.

Sai ki tura masa imel, ba magana a baki ba, tunda shi a 'yar takarda ya kawo miki kuma 'yar takarda ɓacewa take. Ki rubuta da Turancinki mai sauƙi, ma'anarsa kamar haka, ina shirya bayanin yadda muka tace mutane saboda sashen hanyoyin bincike, ga jadawalin motsin kowa, in na sa iyakar da lab ya saba amfani da ita waɗannan ne suke fita, huɗu daga cikin waɗanda ka ba ni ba su haura ta ba, ko akwai wani dalili da ban gani ba don in rubuta shi daidai? Shikenan. Babu zargi a ciki kuma babu ƙarya, don dama dole a rubuta wannan bayanin kuma masu tantance maƙala zasu tambaya. In ya zo ya amsa miki a baki, ki saurare shi da kyau sannan ki bi shi da gajeren imel cewa na gode, abin da na fahimta daga maganarmu shi ne kaza da kaza, in na yi kuskure ka gyara min.

In ya kawo dalilai masu kamawa, alhamdulillahi, ki rubuta su ki tabbatar an auna sauran 34 ɗin da su, ki kwanta ki yi barcinki. In ya fara kame-kame, sai ki miƙa masa mafita, a kafa iyaka ɗaya a ba wani ɗalibi da bai ga sakamako ba ya tace, sannan a maƙalar a nuna lissafin duka biyu, da mutum 40 da kuma bayan tacewa, mai karatu ya gani da idonsa. Ki tuna masa cewa rashin samun bambanci ma sakamako ne kuma ana buga shi, tun 2013 mujallar Cortex ta fara karɓar bincike bisa ingancin tsarinsa kafin ma a san me zai fito, kuma mujallu da yawa sun bi sahu. Wannan binciken naku zai iya zama matakin farko da za a gina babba a kansa da ƙa'ida a rubuce.

In ya ƙi duka, toh Farfesa. Na lura a wasiƙarki kina ganinta kamar wadda ba a isa a dama ba, alhali ita ce ta fi kowa asara in abin ya lalace, sunanta ne a kan tallafin, sunanta ne a kan takardar kwamitin ɗa'a, in aka janye maƙala lab ɗinta za a ambata. Yawan tafiya ba ya hana ta karanta imel. Amma kada ki zagaye Dakta ta bayan gida, ki ce masa tunda mun kasa daidaitawa a kan iyakar ina ganin mu sa shi a mitin ɗin lab ko mu tambayi Farfesa tare. Ki nemi minti 20, ki je da jadawalin nan shafi ɗaya, ki yi magana a kan lambobi kada ki yi magana a kan halinsa ko niyyarsa. In ta tambaye ki ra'ayinki ki faɗa a fili, cewa ba zaki iya bayyana dalilin cire huɗun nan ba in aka tambaye ki.

Ina fatan a nan zai tsaya, kuma galibi a nan yake tsayawa. Amma in ita ma ta ce a bar shi haka a kuma rubuta cewa motsi ne dalili, lamarin ya tashi daga saɓanin ra'ayi ya koma rubuta abin da ba gaskiya ba. Jami'o'in Birtaniya suna ƙarƙashin wata yarjejeniya ta amanar bincike da aka fara a 2012 aka sabunta a 2019, wadda ta ce kowace jami'a ta ware mutumin da ake kai wa irin wannan damuwa, sunansa yana shafin jami'arku. Akwai kuma UKRIO, ƙungiya ce mai zaman kanta da ke ba da shawara a asirce kuma kyauta, zaki iya tambayarsu tun yanzu ba tare da kin shigar da ƙara ba. Ƙananan ma'aikata sun sha zama silar gyara. A Harvard mataimakan bincike da ɗalibi ne suka ga yadda Farfesa Marc Hauser ya fassara bidiyon birai bai yi daidai da abin da suka gani ba, suka kai magana a 2007, a 2010 jami'ar ta same shi da laifi a abubuwa takwas, ya ajiye aiki a 2011. A Tilburg ta ƙasar Holan matasan masu bincike uku ne suka tona asirin Farfesa Diederik Stapel mai ƙirƙirar bayanan bogi a 2011, an janye maƙalolinsa sama da 50. Ban kawo su don in ce Daktanki irinsu ne ba, abin da kika faɗa bai kai nan ba ko kusa. Na kawo su ne don ki ga abu biyu, waɗannan yaran da hujja a hannu suka je kuma ba mutum ɗaya ba ne, sannan abin yana ɗaukar lokaci yana cin rai. Ba zan ce miki babu tsada ba, shi ya sa na sa shi a ƙarshe.

Dan Allah abu biyu kada ki yi komai zafin da kika ji. Kada ki kwafi hotunan mutane ko bayanansu a filashi ko ki tura wa kanki a Gmail don ajiye hujja, dokar kare bayanai a can mai tsauri ce, hoton MRI ma ana iya gane fuskar mutum daga shi, sai ki wayi gari ke ce mai laifi. Abin da zaki ajiye shi ne littafinki na kanki, rana kaza an ce min kaza na amsa kaza. Kuma kada ki kai maganar guruf ɗin WhatsApp na 'yan gida ko ki rubuta a X ko da baki ambaci suna ba, fagen ƙarami ne kowa ya san kowa.

Maganar suna a maƙala kuwa, kina da hujja. Ƙa'idojin ICMJE, kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, da mujallu da yawa ke bi sun lissafa tattara bayanai da nazarinsu a cikin gudummawar da ke kai mutum ga zama marubuci, kuma sun ce wanda ya yi wannan a ba shi damar shiga rubutu da dubawa, ba a hana shi sannan a ce bai rubuta ba. Tsarin CRediT, wanda ake nuna abin da kowane marubuci ya yi da shi, ma yana da rukunai 14 na gudummawa, ki duba ki ga nawa ne naki. Sai dai kada ki haɗa maganar nan da ta mutum shida a zama ɗaya, za a ɗauka ciniki kike yi, a sa sunana in yi shiru. Ki bari a warware ta farko, sannan ki tambayi Farfesa yadda lab ɗinta yake yanke wa zai shiga, ki ce kina so ki rubuta sashen hanyoyin bincike da kanki. Kuma ki sani duk wanda sunansa ya hau ya ɗauki alhakin abin da ke ciki, in aka tafi da shi yadda yake yanzu ba tare da gyara ba kina da damar cewa a cire sunanki har daga wajen godiyar.

Ajiye aiki yanzu ban goyi baya ba. Wata biyar ne, ki yi amfani da su. Ki duba irin bizarki, in wadda ake ba waɗanda suka gama karatu ce ba ta rataye a kan wurin aiki ba, in ta ma'aikata ce jami'a ce ta tsaya miki ba Dakta ba, kuma shi kaɗai ba ya korar ki. Dokokin suna yawan canzawa don haka ki tabbatar a ofishin ma'aikata, ki kuma duba shiga UCU, ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan jami'o'i, tun kafin wata matsala ta taso. Wasiƙar shaida kada ki rataye ta a wuyan mutum ɗaya, malamin da ya duba aikin mastas ɗinki yana nan, masanin na'urar da kuke aiki tare ya san hannunki, ki gaishe su ki sanar da su shirinki tun yanzu. Ki fara neman gurbin digiri na uku da wasu ayyukan a jobs.ac.uk. A OpenNeuro akwai hotunan ƙwaƙwalwa kyauta da kowa zai iya saukewa, ki ɗauki guda ki yi nazarinki daga farko har ƙarshe ki sa a GitHub, shafin da ake ajiye irin wannan aikin kowa ya gani, wannan naki ne ko maƙalar ta fito ko ba ta fito ba. Ki kuma nemi namu da ke fagen, akwai ƙungiyar SONA ta masu nazarin ƙwaƙwalwa na Afirka, akwai TReND mai tallafa wa binciken kimiyya a Afirka, ga cibiyar bincike da horarwa ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu wadda Dakta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa, zaki samu manya da suka bi hanyar nan suka kuma san daga inda kika fito.

Abba kuma, kada ki ji haushinsa. Tsoro ne ya yi magana, 'yarsa tana nesa, ba ya so a taɓa ta, kuma a aikin da ya sani wanda ya sa hannu shi ke ɗaukar laifi, na ƙasa babu ruwansa. Ki kira shi lokacin da yake a natse ki ce Abba ba faɗa zan yi da kowa ba, ba kuma aiki zan bari ba, tambaya zan yi a rubuce cikin ladabi. Ki yi masa maganar mudu biyu, zai gane kafin ki rufe baki, ya san hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Biyayyar da ya koya miki ita ce zata sa ki bi ta kan Dakta kafin Farfesa, Farfesa kafin ofis, ki faɗa masa haka ki roƙi addu'arsa. Ƙannenki kuma in da hali ki fara ware ɗan wani abu kowane wata, ko na zango ɗaya ne, don tsoron kuɗin makaranta kada ya zama shi ke yanke miki hukunci.

Rashin barcin in ya wuce sati biyu ki ga likitanki ko masu ba da shawara na jami'a, ma'aikata ma suna da haƙƙi a wurinsu. Ki samu mutum ɗaya mai riƙe sirri a kusa da ke da zaki dinga faɗa wa halin da ake ciki, ki yi istihara kafin ki tura imel ɗin, ki tura shi da safe ba da tsakar dare ba. In Dakta ya amsa, ko sati ya wuce bai amsa ba, ki sake rubuto min abin da ya faru mu duba yadda zaki shiga wurin Farfesa, amma kada ki turo min jadawalin ko lambar kowa, abin da aka ce kawai nake buƙata. Allah ya shige miki gaba ƙanwata.